Rairayin Sahara a Matsayin Ma'aunin Haske: Inda Hujjar Ta Tsaya

Na'urar ɗaukar hoto da ke kan tauraron ɗan'adam takan dushe da shekaru. Madubanta su yi dauɗa, idon karɓar haske ya raunana, har lambobin da take aikowa su daina dacewa da hasken da ya taso daga doron ƙasa. Duba wannan dushewa ta hanyar hamada ya samu gindin zama tun aikin Cosnefroy da abokan aikinta na 1996, inda suka ware wurare 20 a Sahara da yankin Larabawa, uku daga ciki a arewacin Nijar. Daga baya kwamitin CEOS na taurarin ɗan'adam masu lura da duniya ya amince da shida daga cikinsu a Libiya da Aljeriya da Muritaniya, kuma wurin da ake kira Libya-4 ne aka fi yawan komawa gare shi.

Ba a nan saɓanin yake ba. Akwai masu ganin cewa tunda babu tsiro, ruwan sama kuwa sai jefi-jefi, rairayin ya isa ya zama cikakken ma'auni, a daidaita kowace na'ura da shi ba tare da an sa ƙafa a wurin ba. Da wuya wannan ra'ayi ya tsaya. Tudun rairayi yana da gefen da ke fuskantar rana da gefen inuwa, don haka haskensa yana sauyawa gwargwadon tsayin rana da kusurwar da tauraron ya leƙo. Tsakanin ƙasa da na'urar kuma akwai iska mai ɗauke da tururin ruwa da ƙura, irin wadda kwarin Bodele na Chadi ke tayarwa lokacin hunturu, kuma ƙurar ta fi rikita zangon shuɗin haske. Masu wancan ra'ayi sukan ce ai lissafi yana cire duk wannan. Yana ragewa dai, amma shi kansa lissafin an gina shi ne a kan bayanan wata na'urar da aka riga aka yarda da ita, kamar MODIS. Mudu ne ake gwada shi da wani mudun. In mudun da ake gwaji da shi ya yi tawaya, ɗayan ya gaje ta.

Abin da hujja ta yarda a faɗa bai kai haka faɗi ba. Hamadar tana nuna yadda na'ura ɗaya ke dushewa a hankali, kamar yadda aka bibiyi Landsat 5 da aka harba a 1984, tana kuma ba da damar kwatanta na'urori biyu. Ainihin adadin hasken kuwa yana buƙatar awo a ƙasa, irin wanda tashoshin RadCalNet ke yi a Gobabeb ta Namibiya da Railroad Valley ta Amurka da La Crau ta Faransa da Baotou ta Sin.