Direban motar asibiti da ɗan agaji: tarihin masu ɗaukar mara lafiya a wajenmu

A wannan karon za mu waiwayi tarihin mutane biyu da ba a tunawa da su sai ranar tashin hankali, wato ma'aikacin motar ɗaukar marasa lafiya da yake karɓar albashi, da ɗan agaji da yake aiki don Allah.

A ƙasar nan ɗan agaji ya daɗe yana wannan aiki. Ƙungiyar Red Cross ta Najeriya ta samu dokar kafuwa a 1960. Jama'atu Nasril Islam, wadda aka kafa a 1962 zamanin Sardauna, tana da nata 'yan agajin, Fityanul Islam ma haka. Bayan kafa Izala a Jos a 1978, rundunar agajinta ta bazu har cikin ƙauyuka. 'Yan uwanmu Kirista kuma suna da Boys' Brigade da Girls' Brigade. Su ake gani da kaki a filin idi, wajen wa'azi, sansanin alhazai da jana'iza. A Fabrairun 1988 ne gwamnatin Janar Babangida ta kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, ita ma ta haɗa ma'aikata masu albashi da jami'an sa kai.

Mu a Nukkai ba sai an ba mu labari ba. A watan Agustan 2005, shekara 14 bayan ƙirƙiro Jihar Taraba, ambaliya ta karya gadar Nukkai da ke kan hanyar Wukari alhali akwai jama'a a kanta, aka yi asarar rayuka masu yawa. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Da gada ta tafi, mota ba ta da hanyar tsallakawa, komai kyanta. Waɗanda suka fara kai hannu su ne mutanen da ke kusa: matasan unguwa, waɗanda suka iya ruwa, da masu aikin agaji. Sai dai duk wanda aka tsamo da rai yana buƙatar mota da ma'aikacin da ya san aikinsa.

To, shi wannan ma'aikacin nawa ake biyansa? Nan ne tushen rigimar. A 2009 Gwamnatin Tarayya ta raba tsarin albashin lafiya gida biyu: CONMESS na likitoci, CONHESS na sauran ma'aikata. Direban motar asibiti da mai tura gado suna can ƙasan tsani. A 2014 aka yi wa na likitoci gyara, sauran suka ce su ma a yi musu. Da magana ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, gamayyar ƙungiyoyinsu, JOHESU, ta shiga yajin aiki ranar 17 ga Afrilun 2018 a asibitocin tarayya, daga baya na jihohi suka bi sahu. Sai ranar 31 ga Mayu aka janye, bayan Kotun Ma'aikata ta shiga tsakani, gwamnati kuma ta riƙe albashin kwanakin yajin bisa dokar ba aiki ba biya. Alawus ɗin haɗarin aiki kuwa naira 5,000 ne a wata tsawon shekaru, har annobar korona ta same shi a haka, sai a Disambar 2021 aka ƙara. Ƙarin ma na tarayya ne. Kowace jiha sai ta ga dama ta aiwatar wa nata ma'aikatan.

Duk ranar da aka shiga yajin aiki, nauyin yana komawa kan masu Keke Napep da 'yan agaji. A nan ne zukata suke ɓaci. Ma'aikaci yana ganin mai aikin kyauta yana rage wa yajinsa ƙarfi, shi kuma ɗan agaji yana cewa ba zai tsaya kallon mai naƙuda a bakin titi ba don ana jayayya a Abuja. Mu dai ba mu ga laifin ɗan agaji ba. Laifin yana kan duk hukumar da ta ɗauki sa kan jama'a a matsayin dalilin jan ƙafa wajen biyan haƙƙi.

An yi irin wannan a Ingila. Daga Satumbar 1989 zuwa farkon 1990 ma'aikatan motocin asibiti suka ƙi amincewa da ƙarin kashi 6.5 cikin 100 da gwamnatin Margaret Thatcher ta yi musu tayi. Gwamnati ta fito da sojoji da 'yan sanda, aka kuma nemi taimakon 'yan sa kai na St John Ambulance da Red Cross. Ministan lafiya na lokacin, Kenneth Clarke, ya siffanta yawancin ma'aikatan da direbobi kawai, maganar da ta jawo musu tausayin jama'a, har mutane suka riƙa zuba musu kuɗi a bokiti a kan titi. An daidaita kan kashi 16.9 cikin shekara biyu. Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne abin da ya biyo baya: aka ƙarfafa horar da ma'aikata masu iya fara jinya tun a cikin mota. A wajenmu har yau da yawa kallon direba ake yi musu.

A takarda muna da doka mai kyau. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa, ta kuma ware kashi 5 cikin 100 na asusun kula da lafiya a matakin farko don wannan aiki. Daga nan aka samar da shirin NEMSAS, wanda aka fara gwajinsa a Abuja a 2022, inda asusun yake biyan kuɗin ɗauko mara lafiya da jinyar awa 48 na farko. Sai dai tun cire tallafin man fetur a Mayun 2023, tada motar asibiti ya ƙara tsada, kuma a wurare da dama dangin mara lafiya ake cewa su kawo kuɗin mai.

Muna roƙon dattawanmu da suka yi aikin agaji ko tuƙin motar asibiti tun zamanin Jihar Gongola su tuntuɓi sakatariya, domin muna so mu rubuta abin da suka gani kafin ya ɓace. Matasanmu kuma su adana lambar 122 ta Hukumar Kiyaye Haɗurra da 112 ta kiran gaggawa a wayoyinsu.