Kundin Tunawa da Kakanninmu 'Yan Bama

A darasin tarihi an koya mana Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1939 zuwa 1945, kamar dai faɗa ne na Turawa zalla. Alhali kuwa a gidajenmu da dama akwai tsohuwar adaka da ke ɗauke da lambobin yabo da takardun wani kaka da ya je yaƙin nan da ƙafarsa. Abin da nake so in jawo hankalinmu a kai shi ne mu tattara waɗannan kaya cikin kundi guda, tun kafin gara da mantuwa su riga mu.

Asalin rundunar da suka yi wa aiki tun 1897 ne, lokacin da Ingila ta ɗora wa Lugga kafa sojan Afirka ta Yamma, kuma shekaru da yawa da Hausa ake ba da umarni a cikinta. Da yaƙi ya ɓarke, sojojin Nijeriya suka fara da Afirka ta Gabas, inda suka shiga Mogadishu a watan Fabrairu na 1941, bayan sun kori Italiyawa. A 1943 aka kafa Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, aka kwashe su a jirgin ruwa zuwa Indiya, daga can sai Bama, wadda yau ake kira Miyanma, don su kara da Japanawa.

Runduna ta 81 ta yi faɗa a kwarin kogin Kaladan a 1944, cikin dajin da mota ba ta shiga. Ta jirgin sama ake jeho musu abinci da harsashi, sauran aikin kuwa 'yan dako ne ke yi da ka. Shi ya sa alamar Runduna ta 82 ta zama masu biyu gicciye a kan gammo, ta 81 kuwa baƙin gizo-gizo. Bataliyoyin Nijeriya uku sun bi mayaƙan Chindit, waɗanda aka saukar a bayan sahun abokan gaba a 1944. A watan Janairu na 1945 rundunonin biyu suka haɗu suka ƙwace garin Myohaung. Sunayen barikoki irin su Dalet a Kaduna, da Chindit a Zariya, da Myohaung a Legas, duk daga wannan yaƙi suka samo asali.

To, bariki ya riƙe sunan fagen fama, amma sunan sojan sai iyalinsa. Yawancin lambobin da Ingila ta raba bayan yaƙin, irin su Tauraron Bama, ba a rubuta sunan mai su a jiki ba. Bugu da ƙari, akawun soja kan rubuta mutum da sunansa da na garinsu kawai, don haka a bataliya guda ana iya samun mutum biyar masu suna iri ɗaya. Abin da ke bambanta su shi ne lambar aiki, ita kuwa tana cikin takardar sallama. In takardar nan ta ɓata, sarƙa ta tsinke ke nan.

Saboda haka da na zo haɗa kundin kakana, Allah Ya jiƙansa, takardar sallamarsa na sa a shafin farko. Na ɗauki hotonta na manna, ainihinta kuma na adana cikin ambulan, domin gam da salatif suna cin tsohuwar takarda. Bayan ita sai hotonsa cikin kaki, da hoton lambobinsa gaba da baya, da taswirar hanyar da suka bi. Sashen da ya fi daraja shi ne na bakin mutane. Na zauna da gwaggonnina da wani tsoho maƙwabcinsa, na rubuta abin da suka ji daga bakinsa, kowane labari da sunan mai faɗa da ranar da ya faɗa. Abin da takarda ta tabbatar na ware shi daban da abin da aka ji, don kada jikoki su cakuɗa su.

Wanda nasa bai dawo ba, kada ya yanke ƙauna. Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila tana da jerin sunaye a intanet, kuma a maƙabartar Taukkyan, kusa da Yangon, akwai ginshiƙai ɗauke da sunayen sojoji kusan 27,000 da ba a san kabarinsu ba, har da namu.

Saurayin da ya shiga soja yana ɗan shekara 18 a 1943, an haife shi ne a 1925. Su kam kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, 'ya'yansu ma tsufa ya kama su. Ina roƙon ƙungiyarmu ta ware wuri a taronmu na gaba, kowa ya zo da kundin gidansu, ko na Bama, ko na Kwango, ko na yaƙin basasa, ɗaliban makarantarmu su gani. Allah Ya jiƙan magabatanmu, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshe, amin.