Masu Tayar da Tsohuwar Fijo

A Ingila, sha'awar tsofaffin motoci ta daɗe da zama al'ada: tun 1927 ake jerin gwano daga Landan zuwa Brighton, kuma ba a karɓar motar da aka ƙera bayan 1904. Mu nan Kaduna ta wata ƙofa muka shigo harkar. Ba marmari ne ya fara sa mu riƙe tsohuwar mota ba, rashin kuɗin sabuwa ne.

Tushen abin yana Kakuri. A 1975 kamfanin PAN ya fara harhaɗa Fijo a can, 404 da kuma 504, ana ɗauko sassan ta jirgin sama daga Liyon zuwa Kano kafin a gangaro da su Kaduna. Da gwamnatin Obasanjo ta soja ta mai da 504 motar hukuma, sai ta cika gari: babban sakatare na ciki, ɗan kasuwa na ciki, direban tasha ya loda fasinja layi uku a wagon, a-kori-kura kuma tana jidar buhuna daga ƙauye. Faransa ta daina ƙera salun ɗin a 1983, amma Kakuri ta ci gaba fiye da shekara 20 bayan haka.

Sai 1986 ta zo da shirin tsuke bakin aljihu na SAP, naira ta faɗi, sabuwar mota ta gagari ma'aikaci, motocin hannu 'yan Kwatano suka mamaye titi. A nan bakanikenmu ya nuna gwaninta. Kafireta ta lalace, a dasa ta wata motar. Fitila ta fashe, a liƙa duk wadda ta shiga ramin. Ƙasan mota ya ruɓe, mai walda ya yanko faranti ya toshe. Wannan dabara ce ta raya Fijo, kuma ita ce take ba mu ciwon kai yau, domin mai son mayar da mota yadda ta fito daga kamfani sai ya warware aikin mutum goma da suka riga shi.

Shi ya sa idan aka kira mu duba mota ba ma kallon fenti. Maganaɗisu muke bi da shi a jikin ƙofa. Inda ya ƙi kamawa, fila ce aka cusa aka lulluɓe tsatsa. Sai a ɗaga kafet a ƙwanƙwasa ƙasa, a duba lambar injin ko ta dace da takarda. Injin ba ya tsorata kowa, yaron gareji ma zai sauke shi ya mayar. Abin da ke cin wata da watanni shi ne ƙananan kaya: zakin da ke gaban mota, murfin taya, dashbod da rana ba ta tsattsage ba.

Da, a Panteka ko Ƙofar Ruwa ta Kano ake tsintar waɗannan a banza. Yanzu 'yan gwangwan sun riga mu, sun sare gangar jiki da yawa sun auna a kilo. Waɗanda suka tsira galibi na gidajen tsofaffin ma'aikata ne, a ƙarƙashin tamfol, tayoyi sun zauna. Ciniki da magada ma aiki ne. Sai ka ji babban ɗa ya ce, "Alhaji, motar Baba ce fa, ba ta sayarwa ba ce," ƙaninsa kuma ya biyo ka bakin ƙofa yana tambayar nawa za ka iya bayarwa.