Horar da Malaman Azuzuwan Share Fage a Nijeriya: Giɓin da ke Tsakanin Takardar Shaida da Aikin Aji

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin tanade-tanaden hukuma game da horar da malaman yara 'yan ƙasa da shekara shida. Ta nuna cewa shaidar malanta ta gama-gari ba ta wadatar da mai koyar da ƙananan yara, sannan ta kawo shawarwari uku.

1.0 Gabatarwa

Tun a bugun farko na Manufar Ilimi ta Ƙasa, a 1977, aka ambaci karatun share fagen shiga firamare, amma aka bar yawancin aikin a hannun makarantun kuɗi. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta shigar da kula da ƙananan yara cikin ilimin matakin farko, bugun 2013 na manufar kuma ya tanadi shekara ɗaya ta share fage kafin aji ɗaya. Azuzuwa dai sun samu. Abin tambaya shi ne, wa aka damƙa wa yaran?

2.0 Tsarin da Ake Kai

Takardar NCE, wadda ake samu bayan karatun shekara uku, ita ce mafi ƙarancin shaidar malanta. Hukumar NCCE, da aka kafa a 1989, ke tsara manhajar kwalejojin ilimi, hukumar TRCN ta 1993 kuma ke yi wa malamai rajista. Akwai kwas na musamman kan ilimin ƙananan yara a kwalejoji, sai dai sau da yawa wanda ya karanci wani fannin ake turawa ajin share fage, bisa zaton cewa kowa ma zai iya.

3.0 Abin da Ajin Ke Buƙata

Wannan zato kuskure ne. Yaro ɗan shekara huɗu bai gama iya riƙe fensir ba, kuma ba ya jure dogon zama. Malamar da ba ta samu horo ba takan sa yara rera haruffan Ingilishi har a tashi. Wadda ta ƙware kuwa takan zube 'ya'yan dabino a tabarma, ta ce kowa ya ɗebi uku, ya ba na kusa da shi ɗaya, ya faɗi nawa suka rage. Da tatsuniya da kacici-kacici take buɗe musu baki, kuma takan gane yaron da bai ji kira ba saboda ciwon kunne, maimakon ta ɗauka taurin kai ne. Wannan ƙwarewa koyonta ake yi.

4.0 Shawarwari

Na farko, rajistar malami ta nuna matakin da ya ƙware a kai, a kuma tura shi can. Na biyu, ɗalibai su yi gwajin koyarwa a ajin share fage na gaske, da harshen da yaran ke ji, ƙarƙashin gogaggiyar malama. Na uku, matan da suka daɗe suna wannan aiki ba tare da takarda ba, a makarantun unguwa da Islamiyyu, kada a sallame su. A buɗe musu hanyar karatu suna bakin aiki ta Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna.

5.0 Kammalawa

Tun ran gini, tun ran zane. Muddin ana kallon ajin share fage a matsayin wurin raino kawai, ƙwararru za su ci gaba da gudunsa. Gyaran horo sai ya tafi tare da albashi da ƙarin girma daidai da na sauran malamai.