Melik: Jirgin Yaƙin da Ya Zama Gidan Kulob a Khartoum

A bakin kogin Blue Nile, kan Titin Nilu a birnin Khartoum, akwai wani kulob na masu tseren jiragen ruwa da iska ke kaɗawa, Blue Nile Sailing Club, wanda Turawan mulkin mallaka suka kafa a 1926. Ofishinsa na farko jirgin yaƙi ne mai suna Melik.

Kamfanin Thornycroft ne ya ƙera shi a Ingila. Gunduwa-gunduwa aka yi masa, aka kawo shi Masar ta teku, daga nan jirgin ƙasa ya ratsa hamada da shi zuwa garin Abadiya a Sudan, inda aka harhaɗa shi a 1898. Janar Kitchener na buƙatarsa domin murƙushe daular Mahadi, wadda Halifa Abdullahi ke riƙe da ita. Wanda aka damƙa wa jirgin ɗan ɗan'uwan Janar Gordon ne, Gordon ɗin nan da mayaƙan Mahadi suka kashe a 1885. Ranar 2 ga Satumba, 1898, a filin Karari kusa da Omdurman, Melik ya buɗe wuta daga cikin kogi, kuma kafin azahar Ansar, wato mayaƙan Mahadi, wajen dubu goma sun kwanta dama. Irin bindigogin da ke kansa, wato Maxim, su aka juya wa Sakkwato a 1903, har mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru suka yi hijira suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Blue Nile.

Da aka sallame shi daga aikin soja, sai kulob ya karɓe shi. Inda a da ake ɗura harsashi, nan jami'an Birtaniya suka koma shan iska da yamma, suna kallon ƙananan jiragensu na ƙarfe na zagaya kusa da tsibirin Tuti. A 1938 ma an fito da shi ya taka rawa a fim ɗin The Four Feathers.

Bayan Sudan ta samu 'yancin kai a 1956, kulob ɗin ya dawo hannun 'yan ƙasa, kuma ba su yar da jirgin ba. A ƙarshen shekarun 1980 ambaliya ta ɗauke shi ta dire a kan tudu cikin harabar kulob, can ya zauna cikin yashi. A 1994 aka kafa Melik Society a Birtaniya domin neman gyara shi.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya ɗaiɗaita tsakiyar Khartoum, unguwar da kulob ɗin yake. Ranar da za a sake gina birnin, ya kamata a adana Melik, a kuma kafa allo kusa da shi mai bayanin mutanen da ya harba a Karari, domin galibin labarinsa daga bakin waɗanda suka ci yaƙin aka ji shi.