TAƘAITACCEN TARIHI: YADDA IYAYENMU SUKA YI AIKI DA MAGANAR ALLAH A FAGGE DA SABON GARI

Da kwamitin shirya wannan biki na cikar ikilisiyarmu shekara 50 ya ba ni aikin rubuta tarihi, sai na ga ba amfani in maimaita sunayen fastoci da lissafin gine-gine, gama suna nan a wasu shafuffuka. Ni abin da nake so mu tuna shi ne yadda iyayenmu suke jin Maganar Allah ran Lahadi, su kuma yi aiki da ita ran Litinin.

Mafari

A shekara ta 1900 Bishop Tugwell da abokan tafiyarsa suka iso Kano, cikinsu har da Dr. Walter Miller, wanda muka fi sani da Likita Mila. Sarki Alu bai ba su izinin zama ba, suka juya. Daga baya Likita Mila ya zauna a Zariya yana aikin juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, a 1913 kuwa aka yanka Sabon Gari domin baƙi, wato akawuna da ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa daga Kudu. Kusa da ita ga Fagge, tsohon zangon fatake a bayan ganuwa. Majami'u na farko a Sabon Gari da Turanci da Yarbanci da Ibo ake sujada a cikinsu.

A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa. Tun daga lokacin, Bahaushe mai bi yana iya buɗe Littafin a zaurensa ya karanta wa iyalinsa ba tare da tafinta ba. Mishan na SIM ya buɗe asibitin ido a Kano a 1943, ya kuma yi jiyyar kutare a Yadakunya. Yawancin masu zuwa neman magani ba Kirista ba ne, aka kuwa duba su duka ɗaya. Iyayenmu da suka zo daga ƙauyuka neman aiki sun ga wannan da idonsu, suka gane cewa bangaskiya tana da hannu da ƙafa.

A Kasuwa

Yawancin waɗanda suka kafa ikilisiyar nan talakawa ne: masu gadi, direbobi, leburori, masinjoji, da mata masu sayar da hatsi. Ba su je makarantar Littafi Mai Tsarki ba, amma abin da suka ji sun riƙe shi. Kafin malamaina su koya mini Karin Magana sura 11, inda aka nuna Allah yana ƙin ma'aunin zamba, wata tsohuwa ta Zumuntar Mata ta riga ta koya mini. Na je sayen gero wurinta a Kasuwar Sabon Gari, sai ta kife mudunta ta ce, "Ɗana, duba gindinsa, ban buga shi ba. Da mudun da nake saye, da shi nake sayarwa." Har Musulmi sukan aiko yara wurinta ba tare da sun biyo su ba.

Wannan hali bai mutu ba. Da gobara ta cinye shaguna masu yawa a kasuwar nan a watan Maris 2016, littattafan bashi sun ƙone tare da kaya. Wani ɗan'uwa ya zo wurina ya ce mai binsa bashi ba shi da sauran shaida ko ɗaya, me zai yi? Muka karanta Romawa 13 tare. Kashegari ya tafi ya faɗi adadin da bakinsa, ya biya a hankali har ya gama. Takarda ce ta ƙone, bashin yana nan.

Kwanakin Wahala

Ba za mu ɓoye wa 'ya'yanmu ba, garin nan ya sha zubar da jini. An yi rikici a Mayu 1953, da 1966, da na Maitatsine a Disamba 1980. A Oktoba 1982 rigima ta tashi a kan ginin wata majami'a a Fagge, aka ƙone majami'u. A Oktoba 1991 aka sake yin wata saboda zuwan mai wa'azi Reinhard Bonnke. Sai ta Mayu 2004, da harin 20 ga Janairu 2012, da bam ɗin tashar mota ta New Road a 18 ga Maris 2013. Kirista sun mutu, Musulmi ma sun mutu.

A 1991 ina haya a Fagge, ni da matata da jariri. Da hayaniya ta matso, maƙwabcinmu, wani dattijo maɗinki, ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce, "Malam Fasto, shigo da iyali maza." Na ce, "Baba Alhaji, kada mu ja maka masifa." Ya ce shi dai ba za a taɓa maƙwabcinsa yana da rai ba. Muka yi kwana uku a ɗakin uwargidansa. Na sha yin wa'azi a kan Basamariye mai kirki na Luka 10, kullum ina sa kaina a matsayin mai taimako. A ranar na gane ni ne wanda aka tsinta a bakin hanya.

Duk da haka ina furtawa a gabanku, na daɗe da ɗacin rai. Wata gwauruwa da ta rasa mijinta a rikicin ita ce ta kunyata ni. Ta ce ta kasa yin Addu'ar Ubangiji har sai da ta koma gaida maƙwabtanta, gama ba za ta roƙi gafarar da ta hana wasu ba. Gafara ba ta hana mu faɗin gaskiya ko neman hakki wurin hukuma, amma ta hana mu rama.

Kammalawa

Bayan kowace wahala wasu sun koma Jos ko Abuja ko ƙauyukansu, ba kuwa mai ganin laifinsu. Mu da muka rage, dattawa sun riƙa tuna mana da Irmiya 29, inda aka umarci mutanen Allah su gina gidaje, su nemi alherin birnin da suke zaune, su yi masa addu'a. Su bayi ne a Babila, mu kuwa a nan aka yanke wa yawancinmu cibiya. Ashe nauyin da ke kanmu ya fi nasu.

Matasa, yau kuna da Littafi Mai Tsarki har a cikin waya, abin da kakanninku suka jira shekaru kafin su samu. Mudunku ya zama asusun ofis, da takardar jarrabawa, da abin da kuke turawa a Facebook idan gari ya yi zafi. Yakubu sura 1 ta gargaɗe mu kada mu tsaya ga ji kawai. Idan an zo rubuta tarihin shekara 100, bari a sami maƙwabci a Fagge da zai ba da shaidarku.

Ubangiji ya riƙe ikilisiyarsa, ya ba Kano zaman lafiya. Amin.