Makarantar Gwamnati ce ko ta Gari? Tarihin Muryar Iyaye a Kazaure da Kewaye

Duk wanda ya taɓa zama a taron iyaye da malamai a wata firamare ta Kazaure, Roni, Gwiwa ko Babura ya san yadda ake tashi. Iyaye su kawo kukan rufin aji da iska ta yaye ko ƙarancin malamai, hedimasta ya ce ya rubuta wa na sama, na sama kuma suna jiran na samansu. A yi addu'a a watse. Wannan jan-in-ja a kan wa ke da ta cewa a makarantar 'ya'yanmu ya girmi yawancinmu, kuma sanin asalinsa zai taimaka mana mu gane inda muke tsaye.

Boko ya shigo ƙasar nan ta hannun hukuma. A 1909 Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nassarawa cikin Kano, daga baya makarantun elemantare suka bazu a ƙarƙashin En'e. A lokacin ba a neman shawarar uba. Hakimi ne zai aika wa dagaci adadin yaran da ake so, dagaci ya bi gida-gida. Dattawanmu suna ba da labarin yadda ake ɓoye yaro a rumbu, ko a tura shi gabas da allonsa, don kada a kama shi. Muryar iyaye ta farko a tarihin boko ke nan: ƙin bayarwa. Suna da dalilinsu, domin suna tsoron abin da baƙon karatu zai yi wa addinin yaro, ga gona tana jiran hannu.

A watan Satumba na 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wato UPE. An yi hasashen yara kimanin miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya a faɗin Nijeriya, sai kusan miliyan 3 suka bayyana. Ƙauyukan da ba su taɓa ganin aji ba suka samu. Amma tun da gwamnati ce ta gina, ta kawo malami, ta kawo alli, sunan da ya bi makarantar shi ne "ta gwamnati". Da farashin man fetur ya faɗi a farkon shekarun 1980, albashi ya fara makara, gine-gine suka lalace, sai aka waiwayo iyaye. Ƙungiyar iyaye da malamai, PTA, ta zama wurin tara kuɗin benci da gyaran taga. Aka san da uba idan ana neman gudummawa, aka manta da shi idan ana yanke shawara.

A sama ma rigimar ba ta kwanta ba. A 1988 gwamnatin tarayya ta kafa hukumar kula da ilimin firamare ta ƙasa. A 1991 aka rushe ta, aka miƙa firamare ga ƙananan hukumomi, kuma malamai a sassa da dama na ƙasar suka sha wuyar rashin albashi da yajin aiki. A 1993 aka dawo da hukumar. Cikin wannan kai-komo ne, ranar 27 ga Agusta 1991, aka cire Jigawa daga Kano. Mutumin Roni ko Gwiwa da ya saba kai kukansa Kano, yanzu sai ya ratsa ta Kanon ya wuce Dutse.

Shirin UBE na 1999 da dokarsa ta 2004 su suka shimfiɗa tsarin da muke ciki yau. Dokar ta ce karatun shekara tara, firamare da ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma dole. Ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don tallafa wa jihohi, da sharaɗin jiha ta ajiye nata kason kafin ta karɓa. Ta tanadi hukunci ga uban da ya ƙi kai ɗansa: gargaɗi da farko, sannan tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya. Ta kuma hana karɓar kuɗin makaranta. A jiha akwai hukumar SUBEB, a kowace ƙaramar hukuma akwai sashen ilimi da sakatarensa, albashin malaman firamare kuma daga kason ƙananan hukumomi ake cire shi. Masu hannu a makaranta ɗaya sun yi yawa, kuma an san jifan da ya faɗa cikin kasuwa, ba a rasa wanda zai ce ba shi aka nufa ba. Nan ne wata sabuwar taƙaddama ta ɓullo: idan karatu kyauta ne, kuɗin PTA fa? Wasu iyayen suka ce haramtaccen haraji ne, malamai suka ce in babu shi ko alli ba za a saya ba.

Don cike wannan giɓi aka fito da kwamitin gudanar da makaranta na al'umma, SBMC, a tsakiyar shekarun 2000. Ya bambanta da PTA domin ya haɗa da mai unguwa ko dagaci, malaman addini, mata, tsofaffin ɗalibai, masu sana'a, har da wakilan yaran kansu. Jigawa na cikin jihohi shida da shirin ESSPIN, wanda gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyinsa daga 2008, ya yi aiki a cikinsu, tare da Kano, Kaduna, Kwara, Legas da Enugu, kuma horar da waɗannan kwamitoci na cikin manyan ayyukansa. Inda kwamiti ya tsaya da ƙafarsa, yakan bi sawun yaran da suka daina zuwa, ya lallashi iyayen 'yan mata, ya sa ido kan zuwan malamai. Sai dai ikonsa yana da iyaka. Ba ya ɗaukar malami, ba ya sauya masa wurin aiki, ba ya ba da kwangilar gini. Inda kuma aka cika shi da 'yan amshin shata, sunansa kawai ke cikin takarda.

Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ya sake tayar da tsohuwar tambaya. Malaman da suka tuna 1991 suna da dalilin fargaba. Mu iyaye kuma, idan kuɗin ya sauko kusa da mu, wanda za mu tambaya ma ya matso kusa.

Jikokin waɗanda suka ɓoye 'ya'yansu a rumbu su ne yau ke neman ƙarin azuzuwa da malamai. Wannan ba ƙaramin sauyi ba ne, amma bai kammala ba. Mu binciki su wane ne 'yan kwamitin makarantar unguwarmu da yadda aka zaɓe su. Mu nemi a karanta lissafin kuɗin PTA a bainar jama'a kowane zango. Mu tabbatar iyaye mata suna da wurin zama da damar magana, domin su suka fi sanin yaron da ya fita da wanda ya maƙale a gida. Idan za mu kai koke ofishin ilimi, mu kai shi a rubuce da sa hannun jama'a, mu riƙe kwafi, mu koma mu tambayi inda aka kwana.